Tayoyin da Suka Kayar da Gadar Sal

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kayar da gada a New York ba, kuma ko na so mantawa ba za a bar ni ba. Tirela ce ta buge ta, ni ne kuma na shirya tirelar. Gadar ba ta kai tsawon hannuna ba, tirelar kuwa za ta shige aljihun rigata. Amma mutum wajen arba'in sun gani, har da matata.

Ni direba ne. Ban yi boko ba. Ina ɗan shekara goma sha uku na fara bin babbar mota a Kano. Tanka ta taɓa kamawa da wuta ina ciki a hanyar Jebba, na fito da rabin gira. 'Yan fashi sun bar mini harsashi a cinya, yana nan har yau, shi yake gaya mini za a yi sanyi kafin rediyo ya faɗa. Na zo Amurka, na wanke kwanuka, na ja tasi, na koma babbar mota. Shekara ashirin da biyu ke nan ina jan tirela a garin nan, kuma abin taƙamata ɗaya ne: ban taɓa gogar gada ba. Wanda ya san New York ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai tsofaffin gadoji gajeru ko'ina, direba ya biye wa waya ta sa shi hanyar da ba tasa ba, sai ka ga rufin tirela ya buɗe kamar gwangwanin kifi. Ni tsayin motata ƙafa goma sha uku da inci shida ne. Na san shi fiye da ranar haihuwata (wadda dama ban sani ba).

Baba Bulus maƙwabcina ne a Grand Concourse, hawa na huɗu, ƙofarsa tana kallon tawa. Haifaffen kwatas ɗin reluwe ne a Zariya, babansa shi ke zuba wa jirgi gawayi a wuta. Ya yi shekara talatin yana aiki a ɗakin hoto na asibiti, ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Shi Kirista, ni Musulmi. Naman Sallah yana shiga gidansa, shinkafar Kirsimeti tana shigowa nawa. Ba ya kirana da sunana. Bakano yake ce mini. Ni kuma idan ya ishe ni, in ce masa Bazazzagi.

Wata Asabar ya ce in rage masa hanya zuwa Soundview, wai yana da kulob. Na ɗauka na masu addu'a ne. Muka sauka wani ɗakin ƙasa, sai ga tsofaffi, farare da baƙaƙe, kowa da hular hana salla, sun kewaye wani teburi da ya kai girman tirela biyu a jere. A kan teburin gari ne guda: duwatsu, kogi, coci, gidan mai, mutanen roba da ba su kai ƙwayar wake ba. Jiragen ƙasa suna ta zagaye.

Na ce, “Baba, da furfurarka?”

Ya ce, “Rufe mini baki, Bakano. Ku da ba ku san jirgi ba sai ya zo ɗaukar gyaɗa.”

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Komai na kan teburin nan, in ji shi, an rage shi sau tamanin da bakwai daga na gaske. Jirgi, mutum, bishiya, kare. Ƙafa ɗaya ta gaske a nan milimita uku da rabi ce. Na ce wa zai zauna yana ƙirga milimita? Ya ce, “Kai ba ka ƙirgawa, amma dogo yana ƙirgawa.” Na gyaɗa kai. Maganar ta shiga ta kunnen nan ta fita ta wancan.

Jirgin Baba Bulus daban ne. Kan jirgi ɗaya, da buɗaɗɗun tarago shida masu shimfiɗa kamar faranti, kowanne ɗauke da tirela biyu, gindi da baki. Shekara uku yana haɗa shi. Dalili kuwa, makon da ya sauka a ƙasar nan yana saurayi, yana cikin bas ya hangi jirgi yana wucewa da tireloli a bayansa, da tayoyinsu da komai. Ya rubuta wa babansa wasiƙa. Tsohon ya aiko da amsa: ko dai jirgi ko dai mota, ka daina yi mini ƙarya don ka je ƙasar Turawa. Har ya rasu bai yarda ba.

Na ɗauki tirela ɗaya na juya ta. Na ce, “Wannan ai gajera ce. Tirela ƙafa hamsin da uku ce. Ita nake ja kullum.”

“Taka ta yanzu ke nan. Ta wancan lokacin ƙafa arba'in ce. Taragon ƙafa tamanin da tara. Ɗora mini hamsin da uku sau biyu a kai in gani.”

Ban iya lissafin a take ba, don haka na ce masa Zagezagi dai akwai gardama.

To ga inda maganar take. Idanun Baba Bulus suna tafiya. Likita ya gaya masa ba za su dawo ba, sai dai a rage musu gudu. A lokacin in ya kalli abu, tsakiyar kawai yake gani, gefe duk duhu. Kulob ɗin kuma sau ɗaya a shekara suke buɗe ƙofa jama'a su shigo kallo, kuma jirgin mutum ɗaya ake zaɓa ya buɗe taro, ya yi zagaye shi kaɗai a kan dogon. Shugabansu, wani tsohon Bature mai suna Sal, wanda ya yi rayuwarsa yana gyaran famfo, ya ce bana na Bulus ne. A mota muna dawowa Baba Bulus ya ce mini, “Zagaye ɗaya nake so in gani da idona, Bakano. Baɗi sai dai in ji ƙara.” Na ƙara rediyo.

Suna da doka a kulob ɗin. Akwai wani ɗan faranti na ƙarfe mai rami kamar ƙofa, geji suke ce masa. Duk abin da zai hau dogo sai an zura shi ta cikinsa. In ya wuce, zai wuce kowace gada da kowane rami na teburin. In ya taɓa, a mayar da shi akwati. Saura mako guda, Sal da kansa ya zura taragon Baba Bulus shida da tirelolinsu. Duk suka wuce.

Abu ɗaya ya rage. Tirelolin sababbi ne fil, suna ƙyalli kamar kwanon amarya. A wajen mutanen nan wannan aibi ne, sai an yi musu dauɗa sun yi kama da waɗanda suka sha hanya. Aikin na mai ido ne. Baba Bulus ya miƙo mini akwatin ya ce, “Kai ka san inda datti yake zama a jikin mota. Datti kawai, ka ji? Kada ka taɓa komai.”

Na ce, “Baba, tirela za ka koya mini?”

Dattin kam na yi shi. Na kankaro tsatsa daga wani tsohon kwaɗo a garejinmu, na haɗa da ruwan shayi da ɗan man takalmi. Na sa laka a bayan taya inda take fallatsa, na sa baƙin hayaƙi a kusurwar gaba ta sama, na ja layin tsatsa a ƙarƙashin sakatar ƙofa. Kwana uku ina yi a teburin cin abinci, da tabarau biyu a hanci. Da na tsaya a nan, da yanzu ni mutumin kirki ne.

Amma ina ta kallon tayoyin. Sirara, ƙanana, abin tausayi. Ni na san taya. Taya ta taɓa fashe mini a gangaren dutse da buhun siminti ɗari shida a baya. Na ce a raina, wannan ko Kaduna ba za ta kai ba. (Kaduna. A kan teburi. A Soundview. Ni ma yanzu ina jin yadda abin yake.) Na sauka shagon kayan wasan yara na kan layinmu, na sayi manyan motoci biyu masu tayoyin roba takwas-takwas, masu kauri da zane, na ciro su. Suka ishi tireloli biyu, sai na sa wa na taragon farko, waɗanda ido zai fara gani. Suka tsaya ƙyam kamar sojoji. Na ji daɗi.

Sai kuma na lura tirelolin a ɗore kawai suke. 'Yar ƙaramar ƙugiya a gaba, shi ke nan. Ka hura su faɗi. A aikinmu kaya ba ya tafiya ba ɗauri, wanda ya yi haka korarsa ake yi. Na warware tsohuwar wayar caja, na zare siririn jan ƙarfen da ke ciki, na ɗaure kowace tirela ta ƙarƙashi, na murɗe da filaya, na shafa baƙi don kada a gani. Na ɗaga tarago na juya shi ƙasa na girgiza. Ko motsi.

Rabi, matata, tana tsaye a kaina da faranti. Ta ce, “Maigida, ba cewa ya yi datti kawai ba?”

“Gyara na yi masa.”

“Ya ce motarsa ta lalace ne?”

“Rabi, shekara nawa ina tuƙi?”

“Allah ya ba da sa'a,” in ji ta. “Ɗage mini garejinka zan zuba tuwo.”

Ranar ta zo, Asabar da hantsi. Baba Bulus ya sa kwat da hular babansa ta reluwe, wadda ya ajiye a leda tun rasuwarsa. Rabi ta yi cincin ta cika roba. Ɗakin ƙasa ya cika, har da mutanen cocinsu Baba da direbobi biyu da na gayyato da bakina, Ɗanjuma da wani Bazabarme abokin aikina, don su ga aikina. Ni na jera taragon a kan dogo, saboda Baba ba ya ganin ƙafafun.

Sal ya sunkuyo ya ƙura wa tirelolin ido. Ya kira sauran tsofaffin. Ya ce shekara arba'in yana wannan harka bai ga dattin da ya kai wannan ba, wa ya yi? Na ɗaga hannu. Suka yi ta dukan kafaɗata. Dattin ya ɗauke musu hankali, ba wanda ya kalli taya.

Sannan Sal ya zaro gejin daga aljihu ya ce, “An taɓa wani abu bayan awon da na yi?”

Baba Bulus ya ce, “Fenti kawai.”

Sal ya kalle ni. A nan ne ya kamata in buɗe baki. Gejin yana hannunsa, aikin daƙiƙa biyar ne. Amma Ɗanjuma yana tsaye a bayana, kuma yanzu aka gama yabona. Na ce da Turancina na gareji, “Ni direba ne. Idona geji ne.” Aka yi dariya. Sal ya mayar da ƙarfen aljihu.

Aka rage fitilun ɗakin, aka kunna na garin. Baba Bulus ya riƙe abin sarrafawa da hannu biyu, ya murɗa a hankali. Jirgin ya tashi. Wallahi ya yi kyau. Ya bi gefen kogi, ya wuce gidan mai, tirelolina suna tafe a kai kamar sarakai. Baba ya matso da fuskarsa dab da teburi yana bin sa da kai gaba ɗaya, don tsakiyar idon nan ta kama shi. Bakinsa yana motsi. Ina jin da babansa yake magana.

Gaban cocin akwai gadar mota da ta haye dogon. Ta Sal ce. Da tsinken katako ya gina ta, ɗaya bayan ɗaya, sanyin shekara guda cur, bayan an yi masa aikin zuciya. Ba a manne take ba, a ɗore take don a riƙa ɗagawa ana share dogo. Jirgin yana saura taku ɗaya na ga abin. Idon nan nawa da nake taƙama da shi ya yi aikinsa, amma a makare. Ƙafata ta dama ta taka birkin da babu shi, har na take wa wata mata 'yar coci yatsa.

Ƙas.

Ƙarar ba ta fi ta karya tsinken sakace ba. Sal ya gaya mini daga baya, da tirelar a ɗore take kamar yadda aka saba, da ta zame ta faɗi gefe, a ɗauke ta a ci gaba, abin dariya na minti ɗaya. Amma ni na ɗaure kayana. Tirela ta riƙe tarago, tarago ya riƙe jirgi, jirgi ya ja. Gadar ta taso daga mazauninta, ta yi tafiya kaɗan a kan tirelata kamar ita ma lodi ce, ta kife a kan cocin. Akwai mutanen roba a ƙofar cocin suna ɗaurin aure, ango da amarya da 'yan rakiya, duk ta share su. Taragon baya suka hau juna. Na ƙarshe ya faɗa kogi da tirelolinsa biyu a manne, ko gezau ba su yi ba.

Ɗakin ya yi tsit. Sai muryar Ɗanjuma, da Hausa, da ƙarfi: “Oga, a kira 'yan sanda ne ko za ku sasanta?”

Baba Bulus bai ga abin da ya faru ba sosai. Ya ce, “Me ya tsaya? Bakano, me ya tsaya?” Ya miƙa hannu yana lalube, ya taɓa tirelar farko. Yatsansa ya sauka a kan taya. Ya shafa zanenta. Ya zura ƙasa ya ji waya.

An harbe ni ban yi kuka ba. Ranar na ji idona yana zafi.

Sal ya ɗauko gejin ya kara. Rufin tirelar ya tokare. Ya sa rula ya ce, “Milimita huɗu.” Ya juya ga jama'a, don shi mutum ne mai son bayani, ya ce a mota ta gaske wannan ya fi ƙafa guda. Bazabarmen nan ya yi fito. Kowane direba ya san me ƙafa guda take nufi a ƙarƙashin gada.

Na ce, “Ni ne. Na canza taya. Na ɗaure kaya. Baba bai sani ba.” Na faɗa da Turanci, na sake faɗa da Hausa, don kada wani ya rasa rabonsa.

Sal ya ɗaga gadarsa. Ƙafa ɗaya ta karye, ba za ta tsaya da kanta ba, gam kuma sai ya kwana. Ya ce to sai dai a sa jirgin wani, na Bulus a bar shi baɗi. Bai san me baɗi take nufi ba. Ni na sani.

Na ce a ba ni minti goma. Abu ɗaya aikina ya koya mini game da motar da ta maƙale a ƙarƙashin gada: a sace iskar taya. Waɗannan ba su da iska, sai na sa farce da haƙori na kware robar daga kan wilin, guda goma sha shida, ina tofarwa a tafin hannun Rabi. Tirelolin suka zauna a kan wili tsirara. Na yanke wayoyina duka da filaya. Na miƙa wa Sal taragon na ce, “Auna.” Ya zura. Ya wuce. Na ce ya auna sauran biyar ɗin ma, har wanda aka tsamo daga kogi.

“Gadar fa?” in ji Sal.

Na ce zan riƙe.

Haka aka yi. Na durƙusa a gefen teburin, ni da nauyina ya haura kilo ɗari, cinyar harsashi tana zogi, na tallafe gadar da yatsa biyu a inda ƙafarta ta karye. Aka tayar da ango da amarya. Baba Bulus ya gyara hularsa ya murɗa. Jirgin ya bi kogi, ya wuce gidan mai, ya nufo ni. Na daina numfashi. Na ji iskarsa a yatsuna lokacin da ya shige, tarago ɗaya, biyu, har shida. Ya shiga ramin dutse, ya ɓullo ta can, ya zagayo ya tsaya a tasha. Aka yi tafi. 'Yan coci suka yi guɗa, Rabi ta taya su.

Baba Bulus ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce, “Na gani.” Sannan ya ce wa Sal yana roƙon zagaye ɗaya kuma. Sal ya ce ko goma ne. Na ɗago kai na ce, “Baba, ƙafata.”

“Riƙe gada, Bakano. Ai ka ce kai direba ne.”

Sau bakwai ya zagaya. Da gangan.

A mota na ba shi haƙuri. Ya ce tayoyin ba su ba shi haushi ba kamar yadda na zaɓo masu zane irin na tarakta. Ya ce babansa ma da yana nan haka zai yi, sai ya ɗaure kayan, shi ya sa bai iya yin fushi sosai ba. Rabi daga kujerar baya ta ce ita dai a mayar mata da wayar cajinta.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan mai abu ya ce datti kawai, to datti kawai. Idan kuma mutum ya zaro ma'auni daga aljihu, ka bar shi ya auna, musamman in ka tabbata ba ka buƙata.

Ni da Sal muka gyara ƙafar gadar, Asabar uku, shi yana yanka tsinke ni ina riƙewa. Wani ya ɗauki hotona a durƙushe, sun manna shi a bango kusa da ƙofa. A gareji Ɗanjuma ya baza labari, yanzu duk gadar da za mu shige sai wani ya kira ni a waya ya tambaya ko in sauka in riƙe.

Baba Bulus ba ya gani yanzu, sai haske da duhu. Har yau muna hawa na huɗu. Duk Asabar ina riƙe hannunsa mu sauka matakalar Soundview, in jera masa jirginsa, ya zauna yana ƙirga tarago da kunne. Sal ya tsufa, hannunsa yana rawa, sai suka ba ni gejin. Yana aljihuna na gaba, tare da lasisina. Ba abin da yake hawa dogon nan sai ya bi ta hannuna.